Yadda Ake Tantance Sawun Kayan Haɗi Kafin a Tura Allon Da'ira Masana'anta

Duk abin da za a ɗora a kan allon da'ira, daga 'yar ƙaramar resista har babban aisi (IC, wato da'ira da aka dunƙule a jiki ɗaya mai ƙafafu), yana da wurin zama da aka zana masa: mazaunan jan ƙarfe inda ƙafafunsa za su sauka, ramukan da za su shiga, da farin rubutun da ke nuna inda zai fuskanta. Wannan zanen shi ne sawu. Idan sawu ya kauce da rabin milimita, ko lambar ƙafa biyu ta sauya wuri, bod ɗin, wato allon, da aka biya kuɗinsa da dala, aka jira shi daga Shenzhen har ya iso Kano ko Yamai, zai zo da kyan gani amma kayan ba za su zauna ba. Wani lokaci ma su zauna lafiya, sai an ba shi wuta ya yi hayaƙi.

Manhajar zane ba za ta cece ka daga wannan ba. Binciken DRC, wato binciken ƙa'idojin zane da manhajoji irin su KiCad ko Altium ko EasyEDA ke yi da kansu, yana duba tazara tsakanin layuka ne, da ko kowace ƙafa ta haɗu da inda zanen da'ira ya ce ta haɗu. Bai san ainihin abin da ke cikin leda ba. Idan ka gaya masa ƙafa ta 1 ita ce ta hagu, ya yarda. Saboda haka tantance sawu aikin ido ne da ma'auni, kuma shaida biyu kawai ake karɓa a cikinsa: lambobin da ke cikin datashit (takardar bayanin da kamfani ya fitar) na ainihin kayan da za ka saya, da kayan kansa a hannunka. Sunan da aka rubuta wa sawu a laburare, wato ma'ajiyar sawu ta manhaja, ba shaida ba ne.

Ka tanadi ma'aunin kalifa na dijital mai nuna 0.01 na milimita, firinta, gilashin ƙara girma ko ƙaramin madubin duba bod, hantsaki, guntun soso mai tauri irin na cikin kwalin kaya, mita, da aƙalla guda ɗaya na kowane kaya mai sabon sawu.

Mataki na 1: Tsayar da cikakkiyar lambar kaya

Kada ka fara awo sai ka san me kake aunawa. Aisin ATmega328P suna ɗaya ne, amma ATmega328P-PU mai ƙafa 28 ne da ake sokawa a rami, ATmega328P-AU mai ƙafa 32 ne da tazarar milimita 0.8 a jiki mai 7 da 7, ATmega328P-MU kuma ƙafa 32 ne da tazarar 0.5 a jiki mai 5 da 5. Haruffan ƙarshen nan su ne ke faɗin siffar jiki. Ka buɗe shafin bayanin oda a datashit, yawanci yana can ƙarshe, ka ga wace siffa harufan suke nufi.

Ka yi jadawali: lambar wuri a bod, cikakkiyar lambar kaya, sunan kamfani, sunan sawu, inda sawun ya fito, da gurbin sa hannu. Sai ka jera su bisa haɗari. Soket-soket, rile, taransifoma, makunnai da duk sawun da aka zana da hannu ko aka sauko da shi daga intanet su ne a sama. Aisi masu ƙananan ƙafafu su biyo baya, sannan duk wani mai ƙafa uku. Resista da ƙananan kafasita su zo ƙarshe. Sawun da aka ɗauko daga SnapMagic, Ultra Librarian ko laburaren EasyEDA yana rage aiki sosai, amma a ɗauke shi a matsayin wanda ba a duba ba tukuna.

Idan a kasuwa za ka sayi kayan, a Sabon Gari ko Alaba, ka fara sayensu kafin ka gama zane. Abin da ke shago shi zai hau bod, ko da ya saɓa da abin da ka gani a intanet.

Mataki na 2: Karanta zanen jiki da kyau

Abu uku za ka nema kafin kowace lamba.

Na farko, ma'aunin da aka yi amfani da shi: milimita ne ko inci. Mil ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na inci, daidai yake da 0.0254 na milimita, ba milimita ba ne, kuma wannan kamannin suna ya ɓata allo da yawa. Haka sunayen ƙananan resista: 0603 na inci shi ne mai tsawon milimita 1.6 da faɗin 0.8, wanda a lissafin mita ake kira 1608. Amma akwai 0603 na mita, mai 0.6 da 0.3, wanda 'yan inci ke kira 0201, ƙanƙanin da da ƙyar hantsaki ke riƙe shi. 0402 na inci shi ne 1005, 0805 shi ne 2012, 1206 shi ne 3216. Shi ya sa KiCad ke rubuta duka biyu a sunan sawu.

Na biyu, ta ina aka kalli kayan. Idan zanen ya ce BOTTOM VIEW, to an kife kayan ne ana kallon ƙafafunsa, sawun da za ka zana kuwa daga sama ake kallonsa, don haka dole ka juya shi kamar a madubi. Datashit na rile, taransifoma, QFN (aisin da ƙafafunsa ke ƙarƙashin jiki, ba sa fitowa waje) da allunan nuni sun fi yawan yin haka. Wanda ya kwafe zanen ƙasa kai tsaye zai sami sawu mai awo daidai ta kowane ɓangare, amma hagu ya koma dama. Idan takardar ba ta faɗi komai ba, kayan da ke hannunka ne zai raba gardama.

Na uku, bambanta zanen jikin kaya da zanen sawun da kamfani ya ba da shawara. Idan kamfani ya ba da na biyun, bi shi, musamman ga soket, QFN da duk mai aiki da rediyo. Idan bai bayar ba, sai ka lissafa daga na jiki. Haruffan da za ka riƙa gani kusan iri ɗaya ne ko'ina: e tazara tsakanin ƙafafu, b faɗin ƙafa, L tsawon tafin ƙafar da ke taɓa bod, E daga bakin ƙafa zuwa bakin ƙafar da ke ɗaya gefen, E1 faɗin jiki, D tsawon jiki, A tsayi. Lambar da aka bi da BSC ainihin matsayi ce da aka tsayar. Wadda aka bi da REF don ƙarin haske kawai aka sa ta, kada ka gina sawu a kanta.

Mataki na 3: Auna sawun a cikin manhaja

Buɗe sawun a editan sawu, ka danna kowane mazauni ka karanta lambobin matsayinsa da girmansa. Wannan ya fi jan ma'auni da linzami, domin linzami yakan maƙale a layin raga mafi kusa ya ba ka lambar da ba ita ba.

Fara da tazara, kuma kada ka auna ƙafa biyu maƙwabta kaɗai. Auna daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Soket ɗin waya mai sukuru yana zuwa da tazarar 5.0 da kuma 5.08. A ƙafa biyu bambancin 0.08 ne, rami zai shanye shi. A ƙafa goma, gibi tara ke nan, bambancin ya kai 0.72, ba zai shiga ba. Haka 3.5 da 3.81. Haka soket ɗin JST XH mai 2.5 da jerin fil na yau da kullum mai 2.54. JST PH 2.0 ne, GH 1.25, SH 1.0. A siffofin jikin aisi kuma, TSSOP 0.65 ne, QSOP 0.635, MSOP mai ƙafa takwas 0.65, mai ƙafa goma 0.5. Kama da wane ba ta wane.

Sannan faɗi. Misalin da ya fi kama mutane shi ne SOIC-8, wani jikin aisi mai ƙafa takwas. Akwai siriri mai jiki milimita 3.9, akwai mai faɗi wanda jikinsa ya kai kusan 5.3, dukansu da tazarar 1.27. A aisin ajiyar bayanai na kamfanin Winbond, W25Q16JVSN siriri ne, W25Q16JVSS mai faɗi. Siririn, daga bakin ƙafa zuwa bakin ƙafa 5.8 zuwa 6.2 ne, sawunsa a KiCad kuma yana da mazaunai masu tsawon 1.95 da faɗin 0.6, gefen waje zuwa gefen waje 6.9, gibin ciki 3.0. Mai faɗin kuwa ƙafafunsa sun kai kusan 7.9. Ka ɗora shi a sawun siriri, tafin ƙafafun zai sauka a kan fentin kariyar da ya rufe bod, ɗan gefensa kaɗai ke taɓa jan ƙarfe.

Ƙa'idar IPC-7351 ta ba da rarar da ya kamata mazauni ya wuce ƙafa da ita, a matakan cunkoso uku. Ga ƙafafu masu lanƙwasa irin na SOIC da QFP, rarar gaban yatsa 0.55 ce a mataki mai yalwa, 0.35 a matsakaici, 0.15 a matsattse. Ta diddige 0.45, 0.35 da 0.25. Gwada da siririn SOIC: 6.2 a tara da 0.35 sau biyu ya ba da 6.9, daidai da abin da ke laburare. Ka fi kula da diddige. A nan dalma ke hawa ta riƙe ƙafa, ƙarfin liƙin daga nan yake. Mazaunin da ya yi tsawo ta waje amma ya gaza ta ciki zai yi kyau a ido, ya tsage idan bod ya sha jijjiga da zafi da sanyi.

Idan da hannu za a liƙa, zaɓi mataki mai yalwa ko sawun da aka tsawaita don bakin ayan, wato ƙarfen narka dalma, ya sami wurin taɓawa. Idan inji da tanda ne, tsaya a matsakaici. Ga ƙananan resista da kafasita, mazaunan biyu su zama girma ɗaya, kuma kada ɗaya ya nutse cikin faffaɗan jan ƙarfe alhali ɗayan siririn layi ne ya riƙe shi. Gefen da dalmarsa ta riga narkewa zai ja kayan ya miƙe tsaye a ƙafa ɗaya.

Mataki na 4: Bi lambobin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya

Nan ne ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka, domin kuskuren nan gwajin buga sawu a takarda ba ya nuna shi, hoton 3D ba ya nuna shi, sai wuta.

Ajiye abu uku a gabanka: teburin ƙafafu na datashit, alamar kayan a zanen da'ira, da sawun. Ɗauki ƙafa ta 1, karanta aikinta a datashit, duba cewa alama ta ba lamba 1 wannan aikin, duba cewa mazauni mai lamba 1 yana inda ƙafar take a jiki. Yi alama da biro. Wuce ta 2. Kada ka tsallake ko ɗaya, ko da ƙafa ɗari ce. Ka tabbata teburin da kake karantawa na siffar jikinka ne, domin aisi ɗaya yakan sauya lambobi daga wannan jiki zuwa wancan. Zai fi kyau mutum biyu su yi: ɗaya na karanta datashit da murya, ɗaya na duba allo. Wanda ya zana sawu idonsa yakan ga abin da ya yi niyya ne.

A aisi ana ƙirga ƙafafu daga ɗigon ƙafa ta 1, a zagaya saɓanin hannun agogo idan ana kallo daga sama. Soket mai layi biyu ba lallai ya bi haka ba. Na kebul mai faɗi yana tsallake ne: 1 a nan, 2 a gabanta, 3 kusa da 1. KiCad yana da alamomi daban-daban na kowane salon ƙirga, kuma idan alama ta bi wani salo sawu ya bi wani, DRC zai wuce lafiya. A BGA, aisi mai jerin ƙwallayen dalma a ƙarƙashinsa, layuka haruffa ne, ana tsallake I, O, Q, S, X da Z.

Masu ƙafa uku sun fi kowa yaudara. A jikin SOT-23, BC847 yana da bes a 1, emita a 2, kolekta a 3. 2N7002 yana da get a 1, sos a 2, diren a 3. Idan ka ɗauki alamar taransista ta gama-gari mai jerin bes, kolekta, emita, ka haɗa ta da SOT-23, ka sauya ƙafa biyu ba ka sani ba. TL431 da TL432 na Texas Instruments abu ɗaya ne a ciki, amma a SOT-23 an musanya musu katod da ƙafar ma'auni. BAT54, BAT54A, BAT54C da BAT54S jiki ɗaya ne, haɗin dayod na ciki huɗu daban. A TO-92, idan gefen da ya baje na kallonka ƙafafu na ƙasa, BC547 kolekta, bes, emita ne, 2N3904 kuma emita, bes, kolekta. PN2222A da P2N2222A ma kishiyoyin juna ne.

Masu daidaita wuta su ma haka. 7805 a TO-220: shiga, ƙasa (GND), fita, kuma kunnensa, wato ƙarfen da ke sauke masa zafi, ƙasa ne. 78L05 a TO-92: fita, ƙasa, shiga. LM317: saiti, fita, shiga, kunnensa fita ne. AMS1117 a SOT-223: ƙasa, fita, shiga, babban kunnensa kuma fita ne, ba ƙasa ba. Wanda ya saba da 7805 ya haɗa kunnen AMS1117 da filin ƙasa ya gajarce wutarsa tun daga zane. Akwai kuma wani tarko a nan: wani sawun SOT-223 yana ba kunnen lamba 2, wani lamba 4. Idan alamarka ƙafa uku ce, sawu kuma ya kira kunnen 4, kunnen zai zauna ba a haɗe da komai ba, ba shi da jan ƙarfen da zai sha zafinsa.

Sai alamomin fuska. Zanen da ke jikin dayod katod ne. A kafasitan alminiyam mai ruwa, zanen gefe yana nuna ƙafar ragi (−). A kafasitan tantalum kuwa zanen yana nuna ƙafar tarawa (+), kuma idan aka juya shi yana iya kama wuta. A laburaren KiCad mazauni na 1 na dayod da LED katod ne, wasu laburaren sun sa anod a 1, don haka haɗa alamar wani gida da sawun wani gida yana juya dayod. A LED ɗin WS2812B, yankakkiyar kusurwar tana nuna ƙafa ta 3, wato ƙasa, ba ta 1 ba. Kiristal mai mazauni huɗu na 3.2 da 2.5 yana aiki da 1 da 3, sauran biyun ƙasa ne, amma osileta mai jiki iri ɗaya yana son wuta a 4, ƙasa a 2, yana fitarwa a 3. Makunnin dannawa mai 6 da 6 ƙafafunsa huɗu ne a tazarar 6.5 da 4.5, biyu-biyu a haɗe suke a ciki. Sa mita ka ji waɗanne, in ba haka ba makunnin zai zauna kullum a kunne.

Mataki na 5: Ramuka

Ɗauki mafi girman kaurin ƙafa daga datashit, ka ƙara 0.15 zuwa 0.25 na milimita. Ƙafar 1N4007 tana kai wa 0.86, rami 1.1 ya isa. Ta 1N5408 tana kai wa 1.3, tana son 1.5 ko 1.6. Wanda ya zana wa na farko ya sayi na biyu don ƙarin ƙarfi zai tarar ba ya shiga.

Ƙafa mai kusurwa huɗu, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna ta. Fil mai 0.64 da 0.64 yana da 0.9 a karkace, shi ya sa raminsa 1.0 ne. Ƙafa mai faɗi kamar ta soket ɗin caja ko kunnuwan USB-C tana son dogon rami mai rufin jan ƙarfe. Duba mafi ƙanƙantar faɗin dogon rami da masana'antarka ke iya yankawa, kuma ka tabbata ya fito a fayil ɗin haƙa a matsayin dogo, bai koma zagaye ɗaya ba.

Lambar da ka rubuta girman rami ce bayan an yi masa rufi. Jan ƙarfen bangon rami yana cin kusan 0.02 zuwa 0.025 kowane gefe, masana'anta ce ke ƙara wa bakin haƙa don ta cike wannan, amma akwai 'yar rara sama ko ƙasa da suka rubuta a shafin iyawarsu. Karanta ta. Zoben jan ƙarfen da ke kewaye da rami, ga abin da za a liƙa da hannu, kada ya gaza 0.3 kowane gefe, ga soket da ake ja da turawa kuma a ƙara. Turakun roba na soket suna son rami marar rufi. Sukuru M3 yana son 3.2, da fili aƙalla milimita 7 ba layi ba kaya idan za a sa wosha. Kafasita masu ruwa kuma tazarar ƙafafunsu na bin kaurin jiki: mai 5 tazarar 2.0, mai 6.3 tazarar 2.5, mai 8 tazarar 3.5, mai 10 da 12.5 tazarar 5.0, mai 16 da 18 tazarar 7.5.

Mataki na 6: Fenti, ƙullun dalma da mazaunin tsakiya

Sawu ba jan ƙarfe kaɗai ba ne. Kunna shimfiɗar fentin kariya ita kaɗai ka ga kowane mazauni yana da taga. Kunna ta ƙullun dalma ka ga duk mazaunin sama yana da buɗi, ramuka da wuraren gwaji kuma ba su da shi.

A tazarar 0.5, idan mazauni 0.25 ne, gibin da ya rage 0.25 ne. Idan tagar fenti ta wuce mazauni da 0.05 kowane gefe, katangar fentin da ke tsakani 0.15 ce, za ta tsaya. Idan ta wuce da 0.1, saura 0.05, masana'anta za ta share ta domin ba ta zama, dalma kuma ta sami hanyar tsallakawa ta haɗa ƙafafu.

QFN yana da faffaɗan mazauni a ƙarƙashin cikinsa. Girmansa yana bambanta ko da jiki ɗaya ne: QFN-32 mai 5 da 5 akwai mai tsakiya 3.1, akwai 3.45, akwai 3.6. Idan naka ya fi na kayan girma, ya matso ƙafafun gefe ya jawo haɗuwa. Duba kuma me datashit ya ce a haɗa shi da shi. Sau da yawa ƙasa ce, amma ba kullum ba. Kada a buɗe masa tagar ƙullu guda ɗaya cikakkiya. A raba ta ƙananan tagogi da za su rufe kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, in ba haka ba aisin zai yi iyo a kan tudun dalma, ƙafafun gefe su rataye a iska. Ramukan sauke zafi a cikinsa su zama kamar 0.3, a tazarar 1.0 zuwa 1.2. Manya za su tsotse dalmar zuwa bayan bod.

Kaurin sitensil, farantin ƙarfe mai tagogin da ake shafa ƙullun dalma ta cikinsu, shi ma yana da lissafi. Raba faɗin filin taga da filin bangonta, sakamakon kada ya gaza 0.66. Taga mai 0.25 da 0.8 filinta 0.2 ne. A sitensil mai kaurin 0.12 bangonta 0.252, sakamako 0.79, ƙullu zai sauka. A mai 0.15 bangon 0.315, sakamako 0.63, ƙullun zai maƙale a tagar.

Farin rubutu kada ya hau mazauni. Ɗigon ƙafa ta 1 da alamar fuska su kasance a waje da jikin kaya, yadda za a gan su bayan an liƙa.

Mataki na 7: Buga a takarda, ɗora kayan

Gani ya kori ji. Zana layi mai tsawon milimita 100 a tsaye da wani a kwance a gefen bod, ka fitar da PDF mai ɗauke da jan ƙarfen sama, ramuka da iyakar bod. Wajen bugawa zaɓi ainihin girma, kashi 100, ka kashe duk wani zaɓi na daidaita shi da takarda. Idan fayil ɗin na takardar Amurka ne firinta kuma na A4, zai rage shi ba tare da ya gaya maka ba. Auna layukan biyu da kalifa. Idan ba su ba da 100 ba, gyara ka sake bugawa kafin ka ɗora komai. Shimfiɗar ƙasan bod a juye ake buga ta.

Liƙa takardar a kan soso, ka huda tsakiyar ramuka da allura, ka soka masu dogayen ƙafafu. Su shiga ba tare da ka tanƙwara ko ɗaya ba. Masu zama a sama ka ɗora su da hantsaki, ka duba da gilashi: kowace ƙafa a tsakiyar mazauninta, da rara gaba da baya. Duba ƙafar farko da ta ƙarshe tare. Sa wa kowane soket abokin shigarsa da kebul ɗinsa, ka ga ko bakin yana kallon waje, ko wani dogon kafasita ya tare hanya. Takarda ba za ta nuna maka kuskuren 0.05 ba, amma tana kama jikin da ba shi ba, zanen da aka kife, da soket mai kallon ciki.

Mataki na 8: Haraba, tsayi da akwati

Kowane sawu yana da harabar da wani ba zai shiga ba, 0.25 bayan jiki ko mazauni a matsakaicin mataki. Ka tabbata an zana ta, domin DRC ba ya kama karo a sawun da ba shi da ita. Buɗe kallon 3D, ka fitar da fayil na STEP ka saka shi cikin zanen akwati. Ka tuna hoton 3D fayil ne daban da sawu, ana iya ɗora hoto mai kyau a sawu marar kyau. Soket na USB yana son bakinsa ya kai gefen bod daidai yadda datashit ya nuna. ESP32-WROOM-32, ƙaramin allo mai rediyo mai 18 da 25.5, yana son ɓangaren eriyarsa ya leƙa waje da bod, ko a cire jan ƙarfe a ƙarƙashinsa a dukkan shimfiɗu.

Mataki na 9: Duba abin da masana'anta za ta gani

Masana'anta ba ta ganin zanenka, fayilolin Gerber, wato na kowace shimfiɗar bod, da na haƙa take gani. Idan ka gyara sawu a laburare, sai ka sabunta shi a kan bod, ka sake cika filayen jan ƙarfe, ka sake DRC, sannan ka fitar da fayiloli sababbi. Gyaran da ya tsaya a laburare bai isa bod ba. Buɗe fayilolin a GerbView ko manunin da masana'anta ta tanada, ka ɗora ramuka a kan jan ƙarfe ka ga sun faɗa tsakiya, ka ƙirga dogayen ramuka, ka ga masu rufi da marasa rufi sun rabu.

Idan su za su haɗa kayan, akwai fayil ɗin matsayi da juyi. Sifirin juyi a laburarenka ba lallai ya dace da yadda kayan ke kwance a cikin tef ɗinsu ba, don haka aisi na iya fitowa a juye da digiri 90 ko 180. Kamfanoni irin su JLCPCB suna nuna hoton yadda za a ɗora kowane kaya kafin ka biya. Bi kowane dayod, LED, tantalum, aisi da soket a hoton, ka ga ɗigonsa ya hau ɗigon bod. Duba kuma cewa lambar odar kowane kaya a jerin saye tana nuna jikin da ka tantance, domin a nan ne 0603 ke komawa 0402 idan an canja kaya saboda ya ƙare a sito.

Mataki na 10: Kaɗan tukuna

Yi odar guda biyar, ka haɗa aƙalla biyu cikakku da hanyar da za a bi a babban aiki. Idan tanda za a yi amfani da ita, gwajin ma ya bi ta tanda, domin ayan a hannun gwani yana rufe laifin sawun da inji ba zai yafe ba. Kafin wuta, sa mita tsakanin kowane layin wuta da ƙasa. Ba shi wuta daga na'ura mai iyakance ƙarfi, ka fara da kaɗan. Duba liƙin da gilashi: dalma ta hau diddige, babu ƙwallaye, babu kayan da ya karkace.

Duk sawun da ya wuce wannan gwaji, kwafe shi zuwa laburarenka na kanka, ka rubuta a bayaninsa lambar kayan, bugun datashit da ka bi, ranar da aka duba, da bod ɗin da aka gwada shi a kai. Ajiye laburaren tare da fayilolin aikin, yadda sabunta manhaja ba zai sauya maka shi a ɓoye ba. Ranar da aka canja kamfanin wani kaya, ko da lambar ta yi kama, cire sa hannun da ke gabansa a jadawali, ka mayar da shi mataki na 1.